Ɓeran da Na Ba Mai Adaidaita

Na yi shekara goma sha tara ina koyar da ilimin halittu a makarantar sakandare kafin in fara kiwon ɓeraye, kuma ba zan ɓoye ba, da girman kai na shiga sana'ar. Ba ɓerayen gida nake nufi ba, masu cin sabulu da huda buhun masara. Farare ne tas masu jajayen idanu, irin waɗanda ɗaliban jami'a da na makarantun kiwon lafiya suke saya idan lokacin binciken kammala karatu ya zo. Gidana yana Gyadi-Gyadi, inda ɗalibai suke haya da yawa. Na sha jin suna ƙorafin cewa sai an aika wata jiha ake kawo musu ɓera a mota, kafin a iso rabi sun mutu. Sai na ce a raina, wa ya fi ni cancanta? Ni da na zana cikin ɓera a allo sau ba adadi, har ina iya zana shi ido a rufe.

A bayan gida, tsakanin katanga da banɗaki, na sa aka kafa mini rumfa aka rufe ta da kwano, na jera kejunan waya hawa uku. Matata ta yi wata guda tana mita a kan wari, daga baya ta gaji ta bari. A majalisar da muke zama bayan la'asar aka fara kirana Malam mai ɓera. Da tsokana aka fara, amma ni daɗi nake ji, domin a duk yankin ni kaɗai ne. Ɗalibi ya zo da takardarsa, in zaunar da shi a benci, in yi masa lacca ta rabin awa ko bai tambaya ba, sannan in ba shi ɓerayensa.

Abin da na fi taƙama da shi wani ƙaton namiji ne, wanda nake kira angon. Gashinsa na sheƙi, wuyansa a cike, idan ka ɗaga shi ta gindin wutsiya sai ka ji nauyi a hannu. Duk macen da ta kwana huɗu ko biyar a kejinsa, bayan sati uku sai ka ji tsuwa-tsuwar jarirai, goma, sha ɗaya, wani lokaci sha uku. Duk baƙon da ya shigo rumfar nan, shi nake fara nuna wa.

Akwai wani mai adaidaita sahu da yake kawo mini garin katakon da nake shimfiɗa musu, da buhun abinci, duk ranar Asabar. Mutum ne mai kimanin shekara arba'in, daga wani ƙauye a kudancin Kano ya zo, yana haya da iyalinsa a Tarauni. Ba shi da yawan magana. Idan ya sauke kaya ba ya tafiya nan take, sai ya tsuguna gaban keji ya yi shiru yana kallo, kamar wanda aka ba gadi. Ni kuwa na sami ɗalibin da ba ya katse ni. Na gaya masa cewa macen ɓera sau ɗaya take karɓar namiji a cikin kwana huɗu ko biyar, daga magariba zuwa wayewar gari, idan wannan ya wuce sai wani zagayen. Na gaya masa cikinta sati uku ne da kwana ɗaya ko biyu. Ina yi ina jefa masa kalmomin Turanci don ya san da wanda yake magana. Amsarsa guda ce kullum.

"To, Malam."

Wata rana, don in nuna ni mai kyauta ne, na ba shi namiji ɗaya da mata biyu a kwali. Har na ce masa idan sun mutu kada ya damu, aikin na masu ilimi ne. Ya yi godiya har ƙasa, ya ɗaure kwalin a bayan adaidaitarsa ya tafi.

Ba su mutu ba. Kafin shekara ta zagayo ya fi ni ɓeraye.

Yadda na fara sani shi ne, wata ɗaliba ta yi sallama a ƙofar gidana, na fito da fara'a ina gyara hula, sai ta ce, "Don Allah Baba, nan ne gidan mai adaidaitan nan da yake sayar da ɓeraye?" A ƙofar gidana, a bakin rumfata! Na ce mata ban san shi ba. Ranar ko abincin dare ban ci kirki ba. Daga nan labari ya yi ta zuwa: wai nasa sun fi lafiya, wai ba sa mutuwa a tsakiyar bincike, wai har ƙofar ɗakin gwaji yake kai wa mutum a adaidaita. Duk da haka bai daina kawo mini garin katako ranar Asabar ba, bai daina tsugunawa ya gaishe ni ba, bai daina cewa to Malam ba. Wannan ladabin nasa ya fi komai ƙona mini rai. Da ya yi mini girman kai da na sami abin riƙewa.

Hassada ce, ba wani abu ba. A lokacin ina kiranta da wasu sunaye, ina cewa ina kishin ilimi ne, ina tsoron jahili ya ɓata wa yara bincike. Amma na san abin da nake ji a ƙirjina duk sanda na ji ƙarar adaidaitarsa ta shigo layinmu.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne wata dabara tasa. Ni dai zuba mata nake yi a kejin namiji in jira ikon Allah. Shi kuwa da yamma, dab da magariba, sai ya bi matan ɗaya bayan ɗaya yana shafa bayansu da ɗan yatsa. Wadda ta lanƙwasa baya ta ɗaga ƙugu tana kaɗa kunnuwa, ita ce ta ranar, ita kaɗai zai kai wa namiji. Da safe ya duba farantin da ke ƙarƙashin keji. Idan ya ga wani ɗan farin abu mai tauri kamar ƙwayar shinkafa, wanda yake faɗowa daga jikin macen bayan barbara, ya san an gama, sai ya ɗaura wa kejinta zare. Saboda haka yana iya gaya maka ranar da kowace ta ɗauki ciki da ranar da za ta haihu. Duk wannan yana cikin littafin da ke kan kantata, na ja masa layi da jan biro tun ina ɗalibi. Ban taɓa tsugunawa na gwada ba. Shi da bai iya karanta sunan littafin ba, da kallo ya gano.

Sai bazara ta shigo, irin wadda mutum yake watsa ruwa a katifa kafin ya kwanta. Rumfata da rana ba ta shiguwa, kwanon nan yana huci, ɓerayen su baje a kan waya suna haki. Ina ƙara musu ruwa, ina cewa ai dabba ce, za ta jure. Can sai haihuwa ta fara raguwa, daga goma zuwa huɗu, daga huɗu zuwa biyu, daga nan ɗif. Angon yana cin abincinsa, yana bin mata yadda ya saba, amma ciki ko ɗaya babu. Na canja abinci. Na sayo maganin ƙarin kuzari na kaji na zuba musu a ruwa. Na canja matan. Wata biyu cur rumfar nan ba a ji kukan jariri ba. Har zuciyata ta fara raya mini cewa idon mai adaidaita ne, wannan tsugunon da yake yi yana kallo ba banza ba. Ni da digiri a ilimin halittu, na tsaya a bakin keji ina tofa addu'ar tsari daga mutumin da bai taɓa yi mini komai ba sai ɗauko kaya.

Daga ƙarshe na yanke hukunci cewa angon ya ƙare, irinsa ya mutu, sai dai girman jiki. Ban gaya wa kowa ba sai matata. Ɗalibai idan sun zo, in ce duk an kama. A ɓoye na sayo wani saurayin ɓera daga wani mai kawowa daga nesa, na ajiye shi da niyyar ya gaji angon.

A cikin wannan hali wata malamar jami'a ta zo, 'yar Filato, kowa Dakta yake ce mata. Mace ce mai fara'a da saurin magana. Ta ce nan da wata uku tana son mata goma sha biyu masu ciki, kuma dole a san ainihin ranar da kowace ta ɗauka, domin bincikenta a kan abin da ke cikin ne, kwana ɗaya ya kuskure aikin ya lalace. Irin aikin da idan ka yi shi sunanka ya zauna ke nan a wajen manya. Ta leƙa rumfata, ta ga kejuna shiru, ta yi mini tambaya biyu a kan yadda nake gane ranar, na yi ta zagaye-zagaye da Turanci. Ta yi murmushi ta ce za ta sake dawowa. Bayan kwana uku na ji ta ba mai adaidaita.

Kwana biyu ban je majalisa ba.

Ruwan farko ya sauka, gari ya ɗan huce. Bayan kamar sati biyu, ranar wata Asabar, mai adaidaita ya sauke garin katako, ya tsuguna, amma maimakon ya kalli keji sai ya kalli ƙasa.

"Malam, wata alfarma na zo nema."

"Ina jin ka."

"Tsohon namijin nan da ka ba ni ya mutu shekaranjiya. Samarin da nake da su duk 'yan'uwan matan ne, uwa ɗaya uba ɗaya, Dakta kuma ta ce ba ta son haka. Shi ne na ce ko za ka ara mini namiji. Idan babu hali ba komai, wallahi."

Daɗi ne ya kama ni, irin mummunan daɗin nan. Ga saurayin da na sayo a kejin ƙasa, ga angon a kejin sama. Ban yi dogon tunani ba. Na buɗe na sama, na ɗago shi ta gindin wutsiya, na juya shi a haske don ya ga sheƙin gashin.

"Kai da ni akwai aro? Ga angon da kansa. Ka san shi ai. Je ka da shi, ka sa shi a aiki yau ɗin nan, kada ka ɓata lokaci."

Ya ɗago ya dube ni, ya dubi ɓeran, ya ɗan jima. Sannan ya miƙo hannu biyu ya karɓa.

"Allah Ya saka da alheri, Malam. Allah Ya bar zumunci."

Lissafina a fili yake. Zai yi ta haɗa mata da namijin da ba ya haihuwa, sati ya bi sati, wa'adin Dakta ya cika babu ciki ko ɗaya, ta gane cewa aikin ilimi ba na direba ba ne. Kafin nan saurayina ya fara aiki, ta dawo inda ya kamata tun farko.

Da na shiga gida matata tana tankaɗe a tsakar gida, ashe ta ji komai ta taga.

"Malam, ba wannan ne ka ce mini ya mutu a tsaye ba?"

"Ki ji da tankaɗenki."

Ta ci gaba da tankaɗenta. Amma da daddare da ta kawo mini tuwo, ajiyewa ta yi ta juya, ba ta zauna muna hira yadda muka saba ba.

Na yi haƙurin kwana goma, na kasa. Na hau mota zuwa Tarauni da sunan na zo wucewa ne. Ban taɓa zuwa gidansa ba sai ranar. Gidan haya ne mai ɗakuna a jere, a can ƙarshe akwai wani tsohon ɗakin ƙasa da mai gidan yake ajiye tarkace, shi ya roƙa aka ba shi. Wata darbejiya ta rufe saman ɗakin. Ina sa kai na ji sanyi ya dake ni. A tsakiyar ɗakin ya tara yashi ya jiƙa shi, ya kafa randa biyu a kai cike da ruwa, ya jera kejunan kewaye da su. Tagar kuma ya rataya mata jiƙaƙƙen buhu. Kejunan nasa ma ba na saye ba ne, da katakon kwalin tumatir da ragar waya ya haɗa su.

Ga angona can shi kaɗai, a kejin da ya fi kusa da randa, ya miƙe ya manna cikinsa da gefen da yake taɓa tukunyar, yana barci kamar mai gidan.

"Me nake gani haka? Ba ka sa shi aiki ba?"

"Tukuna, Malam."

"Tukuna me? Dakta jiranka za ta yi?"

Ya sosa ƙeya. "A garinmu, Malam, idan aka kawo baƙon bunsuru ko rago, ba a sakin sa cikin mata sai ya yi kwana arba'in yana cin abincin gidan yana shan ruwan gidan. Haka na taso na ga mahaifina yana yi. Na lissafa, ko ya yi arba'in ɗin akwai sauran lokaci."

Na yi dariya har da riƙe ƙofa. Na ce masa ɓera ba bunsuru ba ne, kuma kimiyya ba ta san arba'in ba. Na yi masa lacca a tsaye, a cikin ɗakinsa, a gaban ɓerayensa da suka fi nawa ƙiba. Ya saurara har na gama.

"To, Malam."

Na san wannan to ɗin, ba zai yi ba. A hanyar komawa sai na ga ai hakan ma ya fi. Bari ya ƙona kwana arba'in a kan al'adar ƙauye, sannan ya gano abin da na ba shi lokacin da babu sauran gyara. Amma sanyin ɗakin nan ya bi ni har gida. Na tsaya a rumfata, na taɓa kwano, na ji haushin cewa ko wajen ajiye ɓera ya fi ni, kuma ko a lokacin ban haɗa wannan da wancan ba.

Nawa ɓangaren kuwa, saurayin da na sayo na duba shi na ga marainansa sun sauko sun cika, na ce ai ya isa. Na jefa shi cikin manyan mata. Suka yi masa taron dangi, suka ciji kunnensa da wutsiya, ya koma lungu ya takure. Ashe yaro ne, jikin ya nuna girma amma irin da ke ciki bai nuna ba, da sauran makonni. Ciwon wutsiyar ya rube, bai yi sati uku ba ya mutu. Matan nawa kuma suna ta tsufa. Damina ta yi tsakiya rumfata ba jariri, ɗalibai sun daina ko tambaya. Abin da ya rage mini na jin daɗi a duniyar ɓera shi ne jiran ranar da mai adaidaita zai kunyata. Duk Asabar ina leƙen fuskarsa ko zan ga damuwa, ban gani ba, ni kuma na kasa tambaya.

A kasuwar Tarauni na haɗu da Dakta, wajen masu kayan miya, ana yayyafi. Ita ta fara ganina.

"Malam! Ai ina neman ka in yi maka godiya. Wannan namiji naka, kai! Sha biyu na ce, sha biyun nan duka sun ɗauka, kowace da ranarta a rubuce. Ya ce mini kai ka ba shi, kuma mafi kyau a gidanka."

Ledar tattasai ce a hannuna, ban san sanda na matse ta ba. Bakina ya riga hankalina.

"Wane namijin? Wancan? Ai wancan ba ya haihuwa! Wata biyu yana gidana ko ɓari ba a yi ba."

Ta karkata kai. "A ina kake ajiye shi?"

"A rumfa."

"Ta kwanon nan da na gani? Da bazara?" Ta yi dariya ta tafa hannu. "Haba Malam, kai da kake koyar da wannan abin! Zafi ne ya ƙona irin da ke cikin marainansa. Ai ba a rana ɗaya ake yin sa ba. Sati bakwai da 'yan kwanaki ana ƙera shi, sannan ya yi fiye da sati yana bin siririyar jijiyar nan da ke nannaɗe a bayan maraina, a nan yake nuna har ya iya iyo. Wata biyu ke nan. Wanda zafi ya ɓata ya ɓaci, amma ranar da gari ya huce sabo yake farawa. Jira kawai ake yi."

Na sani. Wallahi na sani. Na rubuta shi a allo, na ba da shi a jarrabawa, na kayar da yara a kansa. Na tsaya a cikin yayyafi ina lissafi: ruwan farko, sati biyu kafin in ba shi, sannan arba'in ɗin mahaifinsa. Kusan wata biyu ke nan. Da na riƙe ɓeran nan a inuwa na yi haƙuri, da a gidana zai farfaɗo. Da hannuna na ɗauki ɓera mafi kyau a Kano, yana tsakiyar warkewa, na kai wa mutumin da nake so in kayar.

Dakta ta daina dariya. Ta dube ni sosai.

"Tsaya, Malam. Wato lokacin da ka ba shi, kana ganin ba ya haihuwa?"

Na ce ruwa zai ƙaru, bari in hanzarta. Na bar ta a tsaye, har na manta ban karɓi albasar da na saya ba.

Makonnin da suka biyo baya ban ji daɗinsu ba. Tsorona ɗaya, kada ta gaya masa. Ba don ina jin kunyar Allah yadda ya kamata ba, wannan daga baya ya zo. Abin da na kasa ɗauka shi ne mutumin nan ya san cewa ni, Malam, na ji tsoronsa har na yi masa makirci. Ranar Asabar sai in bar wa matata saƙo in fice kafin ya zo. Kuma duk da tsoron, hassadar ba ta ragu ba. Ina kwance ina ganin angona manne da randar wani, yana cika ɗakin wani da 'ya'ya.

Ƙarshen damina, wata Talata bayan la'asar, muna zaune a majalisa mu shida, sai ga adaidaitarsa ta tsaya a gabanmu. Ba ranar garin katako ba ce. Ya fito ya bi kowa ya gaisar, sannan ya koma ya sauko da babban kwando rufe da raga, ya ajiye a gabana, ya tsuguna. Kwandon cike yake da 'yan ɓeraye da aka yaye, farare ƙal, suna hawa kan juna. Ya sake komawa ya ɗauko ƙaramin keji. Angon ne a ciki, ya ƙara ƙiba.

"Malam, ga amanarka na dawo da ita. Wannan kuma rabonka ne."

"Rabon me?"

"Bayan na Dakta na haɗa shi da mata huɗu nawa. A wajenmu idan mutum ya ba ka dabba kiwo, abin da aka samu rabawa ake yi. Na raba biyu, na zaɓo maka masu ƙarfin."

Majalisa ta ɗauka da kabbara. Wani dattijo da muke sallah sahu ɗaya ya ce shi bai taɓa ganin mai sana'a ya ɗauki mafi kyawun abinsa ya ba abokin gasarsa ba sai Malam, irin wannan zuciya ta yi ƙaranci a zamanin nan. Suka yi ta sa mini albarka. Ina zaune ina amsa amin, kunnuwana suna zafi.

Na ce masa ya shigo da kayan ciki. Muka zagaya bayan gida mu biyu. Na tsaya a bakin rumfa, kejuna duk wayam sai tsofaffin mata shida. Na kasa haƙuri.

"Kun yi magana da Dakta?"

"A kan me, Malam?"

"A kan... shi wannan."

Ya ajiye kejin a ƙasa a hankali. Bai dube ni ba.

"Ba ta ce mini komai ba. Amma Malam, ai ni nake kawo maka garin katako. Ni nake kwashe tsohon in zubar. Wata biyu ban ga shimfiɗar jego a ciki ba. Na san a gajiye yake ranar da ka ba ni."

"Ka sani, ka karɓa?"

"Ka ba ni da hannunka, ina zan ce a'a? Na ce in kai shi inuwa in gani. Idan bai tashi ba, in nemi wani, ba wanda zai ji."

Babu gori a muryarsa, na saurara da kyau ina nema ban samu ba. Na so ya zage ni. Na so ya fita majalisa ya faɗa, in sami dalilin tsanarsa har in mutu. Sai ga shi ina tsaye ina hassadar wani abu sabo a tare da shi, wannan hali nasa, wanda ba a kiwonsa a keji, kuma ban san inda zan je in saya ba. Na buɗe baki in ce ya yafe mini, abin da ya fito shi ne, "To, madalla."

Ya ce in dakata akwai saura. Ya fita, ya dawo yana nishi, rungume da randa sabuwa, jar ƙasa, har da ragowar tokar wutar da aka gasa ta a gindinta. Ya duba ya duba, ya zaɓi gindin katanga inda inuwar gidan maƙwabci take faɗowa, ya ajiye ta, ya jawo kejin angon ya manna da ita.

"A samo yashi a jiƙa, Malam. Kada a mayar da shi ƙarƙashin kwanon nan."

Na ji bakina ya ce, "To."

Matata tana tsaye a ƙofar kicin tana kallonmu. Ita ta ɗebo bokitin farko ta zuba a randar, ba ta dube ni ba.

Daga 'yan kwandon nan duk ɓerayen da nake da su yau suka fito. Na cire kwano na yi rufin zana, na koyi tsugunawa dab da magariba ina shafa bayan mata da ɗan yatsa. Ɗalibai sun dawo, ba kamar da ba, domin har yanzu nasa sun fi nawa, kuma har yanzu idan na ji an yabe shi sai in ji haushi. A majalisa kuwa labarin kyautata ya zama abin ba yara misali, ban taɓa gyara musu ba, shi ma bai taɓa ba. Randar tana nan a gindin katanga. Kullum da safe ni nake cika ta da hannuna, ba na bari kowa ya taɓa, kuma ranar Asabar idan ya sauke garin katako yakan leƙa cikinta ya ga ko da ruwa.